Babi na Ashirin

Adjamé Saint-Michel, Abidjan
Talata, 16 ga Maris, 2010

Zuwa ga Yayata Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Abban Amir da yara duka. Yaya ƙafar Umma, ta fara saki? Ki ce mata man zafin da ta ce yana nan na saya, zai zo tare da wannan takarda. Malam Idi mai goro da zai kawo miki ita ba zai tashi ba sai ranar Lahadi, amma ba zan iya riƙe maganar nan a cikina har Lahadi ba, don haka na fara rubutawa tun yau.

Yaya, ranar Lahadin da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, ina kicin ina suyar ayaba, aikina na wata takwas ya ɓace mini. Kada gabanki ya faɗi, ba wanda ya rasu, kuma ba mu saɓa da Maigidan ba, yana ma Lome wajen sayen kaya tun ranar Asabar. Amma sai na tona miki wani asiri kafin ki gane.

Ina rubuta littafi. Wallahi da gaske nake, kada ki yi dariya. Ke kika jawo, da kwalayen littattafan da kike aiko mini. Na karance su har bangonsu ya fita, ga kaɗaici, ga Faransancina bai wuce na cefane ba, sai wata rana na ce bari in gwada nawa. Labarin wata yarinya ce, Sailuba, 'yar wani mai sayar da shanu, da wani direban jirgin ruwa mai suna Ukasha, irin jiragen nan da ke tsallakar da mutane daga Treichville. Na kai babi na goma sha tara. In ina rubutu har girki nake mantawa, sau biyu ina ƙona shinkafa saboda Ukasha.

To, kwamfuta biyu ce a gidan nan. Akwai ƙarama ta ɗauka, wadda nake amfani da ita in Maigidan bai tafi da ita shago ba. Akwai kuma babba a ƙarƙashin teburin falo, wadda allonta ya ƙone tun bara da aka yi wata tsawa. Bai sayi wani allon ba, ya ce babu bukata. Waya ce ta haɗa su, in kin buɗe ƙaramar sai ki ga babbar a ciki da sunansa, ki shiga ki ajiye abu ko ki ɗauko, kamar ɗakin ajiya. A nan yake zuba hotunan sababbin atamfofi da leshi kafin su fita kasuwa, firinta ma a jikinta take. Ni Makauniya nake kiranta. Ki danna mata maɓalli, ta yi ta gurnaninta a ƙasa, shi ke nan. Sai na ga ai babu maɓoyar da ta fi ta. Na buɗe folda can cikin tsofaffin hotunan da ba ya waiwaya, na sa mata suna "Samfurin bara," a nan littafina yake, babu shi a ko'ina kuma.

Kafin ya tafi ya ce wa Jabiru ya zo ya duba ƙaramar, wai ta cika nauyi. Jabiru ɗan baffansa ne, haifaffen Treichville, mai shagon wayoyi a nan Adjamé. Hausarsa rabi Faransanci ce, shi yana ce mini Madam Kano, ni ina ce masa Injiniya. Ya zo da faifai a aljihu, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce tsarin da ke cikinta na zamanin kakanni ne, zai wanke ta tas ya zuba mata sabo wanda duk Abidjan ake yayi. Na ce Injiniya, a dai yi a hankali. Ya ce in je in ji da ayabata, in na ƙona ta shi ba zai biya ba.

Da ya gama, gaskiya ta yi kyau. Komai yana sheƙi, tana tashi da sauri. Ya ci ayabarsa ya tafi. Ni kuwa na wanke hannu na zauna da ɗoki, don a kaina na riga na gama babi na ashirin. Na shiga inda na saba ganin Makauniya. Wayam. Babu ita, babu sunanta. Na leƙa ƙarƙashin tebur, ga ta nan tana gurnani, fitilarta a kunne, kamar mai yi mini gwalo.

Jiya na kira Jabiru na ce firinta ba ta aiki, don ba zan iya faɗin gaskiyar ba. Ya ce ai dole, tsohuwa da sabuwa ba sa jin yaren juna. Ya riga ya yi waya da Maigidan, ranar Asabar zai zo da allo daga shago ya wanke babbar ita ma. Maigidan ya ce masa babu wani abin kirki a cikinta, hotunan yana da su a kyamara, ya wanke kawai. 

Na san za ki ce in gaya wa Jabiru ya cire mini foldar. Ba ki san shi ba. Abin da ya gani da hantsi, kafin azahar labarin ya tsallake gada ya isa Treichville. Maigidan kuma kin san shi. Ba shi da mugunta, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ranar da ya ga kwalinki na farko, littafi ɗaya ya ɗaga, ya kalli bangon, ya ce ashe akwai masu lokaci a duniya, ya ajiye. Mutumin da ko dariya sai ya duba ba kowa, ta ina zan fara ce masa na rubuta wa wani Ukasha kalaman soyayya har babi goma sha tara?

Kwana huɗu gare ni. Zan shiga wurin Makauniya da kaina. Abin mamaki, tsoro nake ji amma jinina sai rawa yake, kamar ni ce a cikin littafin. Ki taya ni da addu'a, kuma kada ki gaya wa Umma.

Ƙanwarki mai kewarki,
Ni'ima

Laraba, 17 ga Maris

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta jiya, da fatan kun tashi lafiya. Amir ya daina tarin nan?

Ban samu shiga ba tukuna, amma ki ji abin da ƙanwarki ta yi. Jiya da na ajiye biro na durƙusa ƙarƙashin tebur. Na zare kowace waya na hure ta na mayar. Na sauya musu rami a jikin akwatin intanet. Na kashe ƙaramar na kunna, na kashe babbar na kunna, na kashe su duka har da akwatin na ƙirga ɗari sannan na kunna. Ina cikin haka aka ɗauke wuta, don watannin nan rabonta ake yi unguwa-unguwa, na zauna da mafici awa uku ina kallon tebur. Da aka kawo, sai na yi wani tunani da ni kaina ya burge ni: tunda intanet yana shigowa ƙaramar, kuma ta waya ɗaya suke bi, to wayar lafiyarta ƙalau. Na bar wahalar da gwiwoyina.

Sai na koma cikin ƙaramar, a nan na gane ɗanyen aikin da Injiniya ya yi mini. Tsohon tsarin da Turanci yake, wannan kuwa na Faransanci ya zuba. Na ɗauko ƙamus ɗin da Maigidan ya saya mini farkon zuwana, ina duba kalma ina danna wuri. Na buɗe taga ta fi ashirin. Wata ta tambaye ni ko na tabbata, na ce ban tabbata ba, na rufe ta da sauri. Wata ta ce za ta binciko matsalar da kanta, na ce madalla, ta yi ta juyi ta juyi, ta dawo ta ce ba ta ga wata matsala ba. Har na yi mata tsaki da ƙarfi.

Yau da safe na nemi izini a waya na ce zan je gaida Gwaggo, mahaifiyar Jabiru. Na naɗe ƙaramar a zani na sa a jaka, na hau woro-woro, tasin nan ta haɗaka. Da muka hau gada na hango jiragen ruwa suna yanka ruwan, ɗaya direbansa ya fito da gwiwar hannu ta taga, daidai yadda na rubuta Ukasha yana yi. Saura kaɗan in ɗaga masa hannu. Matar da ke kusa da ni ta ga ina murmushi ni kaɗai, ta ja kwandonta ta matsa.

Na gaida Gwaggo, ta cika ni da acheke, dambun rogon nan nasu, da kifi, sannan na zame zuwa shagon 'yarta Khairat, yayar Jabiru, wadda ke da gidan intanet a bayan kasuwar Treichville. Ita ba ta da surutun ƙaninta. Na ce mata firinta ce ta ƙi. Ta ce bari ta gani, ta jona ƙaramar da wayar shagonta. Nan take wata taga ta fito da hotuna uku, gida, da wani dogon bene, da benci irin na zaman jama'a. Ta danna bencin ko kallo ba ta yi ba. Na ce wannan fa? Ta ce tambaya take yi ina aka kawo ta, a wuri irin nan benci ake zaɓa, kada wani ya leƙa miki, ke ma ba ki leƙa wa kowa. Ta dudduba ta ce ƙaramar garau take, wataƙila babbar ce ta sume, kuma ba mai sanin halin da take ciki sai an sa mata allo. Ta ce in ari na maƙwabta in jona, in kira ta ta faɗa mini abin da zan danna. Ta ƙara da cewa ƙaninta in ya ga faifai hannunsa ƙaiƙayi yake, ko rediyon Gwaggo bai bari ba.

Na biyo ta cikin kasuwa na wuce ta gaban shagon Maigidan, a rufe. Na tsaya ina kallon kwaɗon, na ji wani iri. Mutumin nan bai taɓa ɓoye mini komai ba.

A gidanmu mai allo ɗaya ce na sani, Zalihatu matar Harouna mai shanu. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Gobe zan cire kunya in je.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Ni'ima

Alhamis, 18 ga Maris

Yaya! Yaya Ummul-Khairi!

Assalamu alaikum, ina fata kuna lafiya, ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa da kuma rubutun nan da ya karkace, sauri nake yi.

Sai na fara yi miki bayanin gidanmu, don ba irin na Kano ba ne. Tsakar gida ɗaya ce babba, ƙofofi goma sha ɗaya suna kallon juna, famfo ɗaya, da dogon benci a bakin ƙofar shigowa. Akwai Hausawa, akwai Jula, akwai Bawule. Intanet kuwa layi ɗaya aka ja, akwatin yana falonmu, wayoyi suka fita ta tagarmu zuwa ɗakuna uku. Kullum ina ganin wayoyin nan, har shanya nake gocewa saboda su, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Bayan la'asar na yafa mayafi na nufi ƙofar Zalihatu. 'Yar Gusau ce, ta girme ki kaɗan, kitso take yi. Takalma sun fi ƙafa biyar a bakin ƙofa. Na ɗaga labule zan yi sallama, sai na ji muryarta tana karatu, tana ja tana saki kamar mai labari a rediyo: "Ukasha ya kashe injin da hannunsa a tsakiyar ruwa, don ya san in suka isa gaɓa, ba zai ƙara samun mahaifin Sailuba zaune wuri ɗaya ba."

Yaya, layin ƙarshe ne na babi na goma sha tara. Ni na rubuta shi, ranar Juma'a, ina jiran wake ya nuna.

Na shiga ba sallama. Suka juyo gaba ɗaya. Mata biyar, ɗaya da rabin kitso a kai, ga Tanti Awa mai kifi a kasuwar Adjamé ta baje a kan katifa. Zalihatu ta yi wuf ta jefa ɗankwali a kan allon, kamar an kama ta da naman miya.  Sai Tanti Awa ta fashe da dariya ta faɗi wata magana da Julanci, sauran suka kwashe. Zalihatu ta kamo hannuna ta zaunar da ni, ta ce amarya, don girman Allah ki rufa mana asiri, kada ki gaya wa Alhajinki.

Ashe wata shida ke nan. Kwamfutarsu tana ganin Makauniya tun ranar da aka ja musu waya. Zalihatu takan shiga kallon atamfofi, wata rana ta buɗe "Samfurin bara" ta ci karo da babi na huɗu. Tun daga nan duk Alhamis da Lahadi suke taruwa, tana karantawa tana juya wa Tanti Awa da Julanci, wata kuma tana juya wa Bawulen da Faransanci. Kuma da yake sunan da ke jikin Makauniya na Maigidan ne, SHARHABILU da manyan baƙaƙe, duk sun sakankance shi ne marubucin!

Maigidan, Yaya! Zalihatu ta ce ita fa da farko ba ta yarda ba, mutumin da in ka gaishe shi "lafiya" ɗaya zai ba ka ya wuce. Tanti Awa ta ce irinsu ne ai, waje dutse ciki zuma, shi ya sa take ƙara masa kifi biyu duk ranar da ya saya. Na tuna yana dawowa yana cewa matar nan ba ta iya lissafi ba. Mai rabin kitson ta ce hujja ma ga ta, tunda ya tafi Lome ko layi ɗaya bai ƙaru ba, yau maimaici suke yi. Suka dube ni da wani irin ido, wai in faɗa musu tsakani da Allah, haka yake yi mini magana in mun shiga ɗaki? Na rufe fuska da mayafi. Suka ɗauka kunya ce, suka yi ta shewa.

Ba yabo kaɗai ba ne. Tanti Awa ta ce a gaya wa Alhaji Sailuba ta cika kuka, yarinyar da ta tashi a cikin shanu ba ta kuka haka. Ta ce kuma babi na tara ƙarya ne, ba a samun irin kifin nan a watan azumin bara. Wata ta ce ita uban take so, shi kaɗai ne mai hankali a littafin. Suka kaure da gardama a kan mutanen da ni na ƙirƙira a kicin ɗina, har da nuna wa juna yatsa. Ban taɓa jin abu mai daɗi da ban tsoro a lokaci ɗaya irin wannan ba. Na so in yi kuka, na tuna an ce Sailuba ta cika kuka, na haɗiye.

Na fito ban ari allon ba, ban ma tuna da shi ba. Ina tsakiyar tsakar gida tunani ya zo mini: in tasu tana ganin Makauniya, to Makauniya ba ta sume ba, tawa ce ta rufe ido. Maganar Khairat ta faɗo mini, kada wani ya leƙa miki, ke ma ba ki leƙa wa kowa. Na shiga da gudu har ina tuntuɓe da bokitin wani. Na buɗe inda ake nuna haɗin waya, wurin da na wuce ya fi sau goma shekaranjiya. Ga shi nan ƙuru-ƙuru. Benci.

Na kira Jabiru na ce Injiniya, ranar Lahadi da ƙaramar ta tambaye ka ina take, me ka ce mata? Ya ce benci mana. Na ce a falona? Ya ce Madam Kano, gidan da mutum arba'in ke layin famfo ɗaya, kowa ya san abin da kowa ya dafa, shi ne gida? Shi da ya ɗaga kai benci ya hango ta taga da mutum shida a kai, gaskiya ya faɗa wa na'ura. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na tuna ɗakin Zalihatu, na rufe.

Na danna rubutun da ke ƙarƙashin bencin, hotuna ukun suka fito, na yi bismilla na zaɓi gida. Ta kawo wasu tambayoyi, na kira Khairat ta ce in wuce su. Na koma na zuba ido. Wani koren layi ya yi ta tafiya a sama a hankali, a hankali, sai ga sunan Maigidan ya fito, Makauniya ta dawo. Na yi ihu har Zalihatu ta leƙo tana tambayar ko kunama ce. Babi goma sha tara, duk suna nan, na kwafe su zuwa ƙaramar, na sake kwafewa a ɗan filas na kwamfuta, na ɗaure shi a bakin zanina. Firinta ma da na gwada ta sai ta hau tari ta fito da takarda.

Ni na gyara, Yaya. Ba Jabiru ba, ba Khairat ba. Ki faɗa wa Abban Amir, shi da yake cewa ko rimot ban iya riƙewa ba.

Ƙanwarki,
Ni'ima

Juma'a, 19 ga Maris

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanku da Juma'a, Allah ya sada mu da alherinta. Ina fata Umma ta samu zuwa gidan Kawu kamar yadda ta so.

Murnar jiya ta kwanta, yau da sauran tunani na tashi. Maigidan ya yi waya, motarsu ta wuce iyaka, zai iso bayan la'asar.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma na daɗe ina kallonta. Littafina yana bakin zanina. In na yi shiru, gobe Jabiru zai wanke Makauniya, komai ya tafi, ba wanda zai taɓa sanin ni ce. Har na ji sanyi a raina da na yi wannan tunanin. Amma ina shara sai na ji Tanti Awa tana rantsuwa a bakin famfo, wai yau ko jakarsa ba zai ajiye ba sai ya faɗa mata abin da uban Sailuba ya ce a cikin jirgin nan. Ki hango shi, Yaya, da gajiyar hanya, da hularsa, mata sun tare shi suna tambayarsa labarin soyayya. Wata shida ana yi masa murmushi a bayan ido saboda abin da ni na aikata. Ban da haka, hotunan kayansa da bai fitar ba suna buɗe ga ɗakuna uku, ɗaya kuma ɗan masu ɗakin yana sayar da atamfa a kasuwar Adjamé. Ban ce ya leƙa ba, Allah ya sani. Amma dole Maigidan ya ji, kuma ba yadda zan gaya masa ba tare da na faɗi yadda aka yi na sani ba.

Sannan akwai abin da ya fi wannan, ke kaɗai zan iya faɗa wa. Da suka ce shi ne marubucin, dariya na yi a fili, amma a ciki abin ya ci mini rai. Ni na ƙona shinkafar. Ni na san dalilin da ya sa Ukasha ba ya kallon mutum in yana magana. Ba na so a ba wani, ko da shi ne.

Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Zai iya jin kunyar duniya ta kama shi, ya ce a cire wayoyin nan daga tagarmu, ya ce kada in ƙara. In ya faɗa ban san yadda zan yi ba. Na yi ta tsara maganar da zan fara da ita, irin ta cikin littattafai, duk na ga ba za su shige shi ba. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar taushe dai.

Da hantsi na kwashe hotunansa daga Makauniya na mayar cikin ƙaramar, Khairat ta tabbatar mini a nan ba mai gani sai abin da na buɗe da hannuna. Na kira Jabiru na ce gobe ya sha zamansa, firinta ta tashi, ya ce ai ya san gyaransa sai ya kwana biyu yake kamawa. Daga nan na zauna na rubuta babi na ashirin a zama ɗaya, kafin a kira sallah. Uban ya yi magana, kuma Sailuba ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba.

Ki gaida Umma da kyau, ki gaida Abban Amir, ki shafa mini kan yara. Man zafin yana cikin leda baƙa, akwai turare kuma, shi naki ne. In kin zo ba ni amsa kada ki tsaya yi mini faɗa, aikin gama ya gama.

Na buga babi na ɗaya a takarda na ajiye a kan tirensa, kusa da kwanon tuwo, in ya ci ya sha ruwa zan gaya masa komai da bakina. Babi na ashirin kuwa na saka shi a cikin Makauniya minti goma da suka wuce, tun yana kan hanya, inda Zalihatu za ta gani. A samansa na rubuta sunana.

Ƙanwarki har kullum,
Ni'ima Abdulra'uf